Lufus, tsargiya da sankarar mafitsara: mu daina raina jinin fitsari

A Hawandawaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kai har ma da sauran garuruwan gundumomin Tasawa da Mayahi, ganin jini a cikin fitsari ba ya ɗaga wa kowa hankali. In yaro ne, sai a ce tsargiya ce, in ya girma za ta bar shi; akwai ma dattawan da har gobe suke ɗaukar abin a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji. In mace ce, a ce sanyi ne, ko kuwa guntun jinin al'ada ne ya biyo baya. In dattijo ne, a ɗora wa zafin rana da wahalar gona. Kowa da amsarsa a bakinsa, kuma duk cikin amsoshin nan babu wadda take kai mutum ɗakin awo. Wannan halin ko-in-kula yana cin mutane da dama, amma akwai waɗanda ya fi yi wa illa, kuma su ne aka fi mantawa da su: matan da ke fama da cutar lufus.

Ni malamin makaranta ne, alli da allo ne sana'ata tun da na fito daga makarantar horar da malamai, yau sama da shekara ashirin. Abin da ya ba ni bakin magana a nan shi ne, mu malamai ake damƙa wa rabon maganin tsargiya a makarantu. Mu muke tsayar da yara a jikin sandar awo muna ƙirga musu ƙwaya gwargwadon tsawonsu, mu kuma muke ganin waɗanda rabon ba ya kaiwa gare su. Ra'ayina a gajarce shi ne: alaƙar da likitoci suka gano tsakanin lufus da sankarar hanyar fitsari ƙarama ce a ƙasashen da aka yi binciken, amma a wurinmu tana hawa ne a kan tsohon miki, wato tsargiya. Don haka duk mai lufus a yankin nan ya kamata a riƙa auna fitsarinta a kai a kai, kuma a daina sallamar wanda ya zo da jini a fitsari ba tare da an duba shi ba.

Cutar da jiki ke juya wa kansa baya

Mu fara da ita kanta lufus, tunda da yawan masu karatu ba su taɓa jin sunanta ba. A takardar likita za a ga an rubuta lupus, kalmar Latin ce mai nufin kerkeci, domin likitocin da can sun kamanta tabon da take bari a fuska da cizon wannan dabba. Cuta ce ta garkuwar jiki. Sojojin da ke cikin jini don yaƙar ƙwayoyin cuta su ne suke rikicewa, su koma kai hari kan fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda, wani lokaci har zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta a wurin wani, ko ta cin abinci tare ko ta auratayya. Cikin kowane mutum goma masu ita, kusan tara mata ne, akasarinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daidai shekarun aure da haihuwa da raino. Ta kuma fi yawa, ta fi tsanani a jikin baƙar fata.

Alamominta su ne zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwon gaɓoɓi, kasala, zubar gashi, gyambon baki, ɓari a kai a kai, da ƙuraje ko canjin launin fata a kumatu da karan hanci masu ƙaruwa in an sha rana. To, kowace ɗaya cikin waɗannan mun riga mun raɗa mata wani suna. Zazzaɓi na sauro ne ko taifot. Ciwon gaɓoɓi sanyin ƙashi ne. Zubar gashi da ɓari kuwa, nan da nan a fara kallon kishiya ko a ce iska ce. Mace tana iya yin shekara biyu ko uku tana zagaye tsakanin mai magani da ɗakin shan magani, ana ba ta maganin zazzaɓi, tana komawa gamanarta tana shan ranar da ke ƙara hura cutar.

An daɗe ana cewa lufus ba ta cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya duba bayanan marasa lafiya a asibitin koyarwa na Ibadan, ya ga irin waɗannan cututtuka ba su da yawa, har ya yi hasashen ko yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke ba mu kariya. Wannan zance ya daɗe yana yawo a littattafan koyar da likitoci. Amma da aka fara samun ƙwararrun likitocin gaɓoɓi a yankin, irin su Farfesa Olufemi Adelowo na Legas, wanda a 2009 ya wallafa bayanan gomman 'yan Najeriya masu lufus, sai magana ta canja. Ashe cutar tana nan, mai gano ta ne ya yi ƙaranci. Abin da ba a nema ba kuwa ba a ganinsa.

Babban haɗarin lufus yana ga ƙoda. Kusan rabin masu cutar tana taɓa musu ƙoda: fitsari ya riƙa kumfa, ya yi duhu kamar ruwan shayi, ƙafafu da fuska su kumbura, jini ya hau. In ba a tare ta ba, ƙarshenta wankin ƙoda ne, wanda mutumin Hawandawaki sai ya bar gida da gona ya tare a babban birni kafin ya same shi.

Ta ina sankara ta shigo?

Likitoci sun daɗe da lura cewa masu lufus suna ɗan fin sauran jama'a kamuwa da wasu nau'o'in sankara. Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka yi a kai shi ne wanda Dakta Sasha Bernatsky ta jami'ar McGill a Kanada ta jagoranta, aka wallafa a 2013. Sun bi diddigin mutum 16,409 a cibiyoyi 30 na ƙasashe daban-daban. In an haɗa dukkan nau'o'in sankara, ƙarin haɗarin da suka samu kashi 14 ne cikin ɗari. Wadda ta fi fitowa fili ita ce sankarar kaluluwa, da ta ninka kusan sau huɗu, ita kuwa sankarar mama raguwa ma ta yi. A 2018 wasu masana a ƙasar Sin suka tattara bincike 24 suka auna su tare, suka ga sankarar mafitsara da ta ƙoda suna cikin waɗanda ke ƙaruwa ga masu lufus. Sankarar furostat, wadda ke kama dattawa maza a wuyan mafitsara kuma ake yawan rikita sunanta da wannan, ita an ga ta ragu.

Hanyoyi uku ne likitoci suke nunawa. Ta farko ita ce cutar kanta. Garkuwar da ta shagala da yaƙar jikinta ba ta tsaron ƙofa yadda ya kamata, kuma duk naman da ya daɗe yana kumburi yana warkewa yana sake kumburi, ƙwayoyin halittarsa sun fi saurin baudewa. Ta biyu ita ce mutuwar ƙoda: wanda ya daɗe a kan wankin ƙoda, ko aka yi masa dashe yana shan maganin danne garkuwa, haɗarin sankarar ƙoda yana ƙaruwa gare shi. Ta uku, wadda ta fi shafar mafitsara, ita ce magani.

Akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira siklofosfamid. Asalinsa maganin sankara ne, amma shekaru da dama ke nan ana amfani da shi wajen ceto ƙodar masu lufus, kuma da yake ya fi sababbin magunguna araha, shi talaka ya fi samu. In ya shiga jiki, hanta tana sarrafa shi, a cikin abin da ke fitowa har da wani sinadari mai suna akrolin. Wannan sinadari ta fitsari yake fita, kuma muddin yana kwance a mafitsara yana ƙona bangonta. A kusa, yana iya sa ta zubar da jini. A nesa, bayan shekara goma ko goma sha biyar, yana iya zama sanadin sankara. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa wannan magani a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam.

Kada a fahimce ni a baibai. Haɗarin yana bin yawan abin da mutum ya sha ne a tsawon rayuwarsa. Wani bincike da aka yi a Danmak, aka wallafa a 2008, a kan masu wata cutar garkuwar jiki ta daban da ake ba wannan magani, ya nuna sankarar mafitsara ta ƙaru ne ga waɗanda jimillar abin da suka sha ta haura giram 36. Tun 2002 kuma Farfesa Frédéric Houssiau na Beljiyam da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya ceto ƙodar mai lufus da miligiram 500 ta jijiya duk mako biyu har sau shida, wato giram 3 kacal gaba ɗaya. Dubi tazarar da ke tsakanin 3 da 36. Akwai kuma wani magani, mesna, da ake haɗawa da shi don ya kashe kaifin akrolin, akwai shan ruwa da yawa da yawaita fitsari, sannan akwai mikofenolat da ke maye gurbinsa ga wasu, ko da yake ya fi tsada kuma yana cutar da ɗan tayi. Saboda haka wadda ta ji wannan bayani ta jefar da maganinta, ta yi gudun gara ne ta faɗa gidan zago. Ƙodar da lufus ta kama, in an bar ta, cikin watanni ko 'yan shekaru take mutuwa. Sankarar da ake tsoro kuwa kaɗan take kamawa, bayan dogon lokaci, kuma in ana dubawa ana iya tare ta da wuri.

Tsohon mikin da ke mafitsararmu

Ga inda maganarmu ta bambanta da ta Kanada da Danmak. Akasarin mutanen da aka ƙirga a waɗancan bincike sun tashi ne a ƙasashen da babu tsargiyar fitsari. Mafitsararsu lafiya lau take kafin lufus da maganinta su zo. Tamu fa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da tabki yake ga yaro da damina. Nan ake wanka, nan ake wanki, nan ake shayar da dabbobi, nan ake ɗibar ruwan buga tubali. A cikin ruwan akwai ƙananan katantanwa da tsutsar tsargiya ke girma a jikinsu. Tsutsar tana huda fatar mai shiga ruwa, ta bi jini har ta tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta riƙa zuba ɗaruruwan ƙwayaye kowace rana. Wasu suna fita ta fitsari, su ne ke kawo ɗigon jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Sauran suna maƙalewa a bangon mafitsara, jiki ya yi ta faɗa da su shekara da shekaru, wurin ya yi tabo a kan tabo. Da yaro ya girma jinin yakan ragu, sai a ce ta bar shi, alhali ƙwayayen da tabon suna nan.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1851 likita ɗan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsar a birnin Alƙahira, shi ya sa a asibitocinmu ake ce mata bilarziyoz. A 1911 wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Masar, ya nuna alaƙarta da sankarar mafitsara. A 1994 hukumar nan ta Liyon ta sa tsutsar tsargiyar fitsari a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, jeri ɗaya ke nan da siklofosfamid da kuma taba sigari, wadda ita ce kan gaba wajen jawo sankarar mafitsara a ƙasashen Turai. Maƙwabtanmu ma sun shaida: likitocin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano sun wallafa cewa nau'in sankarar mafitsara mai nasaba da tsargiya shi ya fi yawa a cikin marasa lafiyar da suka gani.

Masar ta kuma nuna cewa abin yana juyuwa. Bayan shekarun da suka yi suna yaƙi da tsargiya, bayanan cibiyar cutar daji ta Alƙahira sun nuna wannan nau'i ya sauko daga sama da kashi 70 cikin ɗari na sankarar mafitsara a 1980 zuwa ƙasa da kashi 30 a 2005.

Nijar ta fara rabon maganin firazikwantel a faɗin ƙasa a 2004, kuma an ci riba ƙwarai. Sai dai babbar ƙofar rabon ita ce makaranta, kuma ni na san wa ke fita ta wannan ƙofa tun da wuri. Ƙididdigar ƙasa ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, jiharmu ta Maraɗi kuma ita ke kan gaba. Yarinyar da ta bar aji tana shekara goma sha uku, sunanta ya fita daga rajistata, amma ƙafarta ba ta fita daga tabki ba. Wanki ma ƙaruwa ya yi mata. Kuma ita ce daidai wadda ke shiga shekarun da lufus ke bayyana. In ta same ta, mafitsara ɗaya ce za ta ɗauki tabon tsargiya, da raunin garkuwa, da zafin magani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa tun ƙuruciya ya tsage.

Jini ɗaya, tushe huɗu

Mu ɗauka mai lufus ta ga jini a fitsarinta. Yana iya zama daga ƙoda, alamar cutar ta motsa. Yana iya zama tsargiya. Yana iya zama ƙunar magani ko ciwon sanyi na ƙwayoyin cuta. Yana kuma iya zama sankara, wadda sau da yawa jininta ja ne, wani lokaci da gudaji, ba tare da zafi ko raɗaɗi ba, ya zo ya ɗauke na makonni ya sake dawowa. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Ido ba ya iya rarrabe waɗannan huɗu. Abin da ke rarrabe su shi ne tsinken awon fitsari da ke nuna jini da furotin cikin minti biyu, da madubin likita da ke nuna ƙwan tsargiya, da hoton ciki, in ta kama kuma da na'urar leƙa mafitsara a wurin ƙwararre. Ko a ƙasashen da suka ci gaba an san mata sun fi maza jinkirin gano sankarar mafitsara, domin akan ɗauki jininsu a matsayin ciwon sanyi a yi ta ba su magani. Ina ga wurin da macen ma ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba?

Kunya kuwa tun a aji take farawa. In na tambayi yara wa ke fitsarin jini, maza suna dariya suna ɗaga hannu, har da masu alfahari. Layin 'yan mata kuwa tsit, kowa ta sunkuyar da kai. Wadda ba ta iya faɗa wa malaminta tana shekara goma ba, da wuya ta faɗa wa majo namiji tana matar aure, ga mijinta ko ƙanen mijinta tsaye a bakin ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin an yi maganarsa a rediyo ba, wato mota. Wata tsohuwar ɗalibata da aka gano tana da lufus bayan ta sha doguwar wahala, ana yi mata ƙarin wannan magani a wani asibitin birni. Ita ta shaida wa maiɗakina cewa duk ranar da za ta dawo gida ba ta shan ruwa tun safe, don kada fitsari ya kama ta a hanya ta ce direba ya tsaya a gaban maza. Duk macen da ke doguwar tafiya a ƙasar nan haka take yi. Amma ga wadda aka ƙara wa siklofosfamid, wannan shi ne ainihin abin da ake gudu: a ranar da ya kamata ta sha ruwa sosai ta yi ta zubar da fitsari, a ranar take ƙin ruwa ta matse mafitsara na awoyi, akrolin yana kwance a ciki. Daga Tasawa zuwa Yamai ya haura kilomita 700. Likita ya yi aikinsa daidai, hanya ta warware shi.

Sai matsalar takarda. Mutanenmu na kan iyaka, yau an je Maraɗi, gobe Damagaram, jibi Katsina ko Kano, gwargwadon inda ake da ɗan'uwa da kuma yadda canjin naira da sefa ya kama. Kowane likita da tasa takardar, wata da Faransanci wata da Ingilishi, wasu sun ɓace, wasu gara ta ci. Tunda haɗarin maganin yana bin jimilla ne, wa ke riƙe da lissafin? In bayan shekara goma sha biyu jini ya bayyana, wa zai tuna an taɓa ba ta wannan magani? Ga kuma masu tallan magani a tire ranar kasuwa, da ke sayar da deksametazon da danginsa ga duk mai ciwon gaɓoɓi ko mai son ƙiba. Irin waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da alamomin lufus na ɗan lokaci, mace ta ji sauƙi ta fasa zuwa asibiti, cutar kuwa tana ci gaba da cin ƙoda a ɓoye.

Masu cewa ba yanzu ba

Na san za a ce: Malam, yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kai kana maganar cutar mutane ƙalilan? Maganar tana da nauyi, kuma ban nemi a ɗauke ko dala ɗaya daga kuɗin gidan sauro ba. Amma a dubi abin da nake nema. Tsinken awon fitsarin da zai taimaki mai lufus, shi ne dai wanda ake buƙata don mai ciki da jininta ya hau, da mai ciwon suga, da yaro mai tsargiya, da dattijon da sankara ta fara ci. Kuɗinsa bai kai kuɗin mota zuwa Maraɗi ba. Mai lufus ita ce ta fi kowa nuna mana ɓarakar, amma in aka toshe ta kowa ya amfana.

Wasu kuma, har cikin ma'aikatan lafiya, suna ganin gara a ɓoye wa mara lafiya zancen sankara don kada ta tsorata ta bar magani. Ban yarda da wannan ba. Shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna mini cewa mutum ya fi riƙe umarnin da aka gaya masa dalilinsa. Ka ce wa mace ta sha ruwa da yawa, za ta ce to, ta shiga mota ta yi yadda ta saba. Ka gaya mata cewa maganin yana barin wani abu mai ƙuna a mafitsara wanda ruwa ne kawai ke wanke shi, za ta nemi wurin kwana a birni ta bari sai gobe.

Abin da ya kamata a yi

Ga ma'aikatar lafiya: tsakanin 2005 da 2007 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa, da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da jinyar sankarar mata, wato ta mama da ta mahaifa, kyauta. Abin yabo ne. Amma macen da sankara ta kama a mafitsara, ɗan yatsa kaɗan daga mahaifar, ba ta cikin wannan rangwame. Ya kamata a duba wannan. Cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar gasa sankara a 2021, amma amfaninta ga mutumin karkara ya dogara ne ga a gano cutar tun tana ƙarama. Don haka kada tsinken awon fitsari ya yanke a kowace cibiyar CSI. Sannan a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa inda tsargiya ta kai kashi 10 cikin ɗari, a riƙa ba kowa magani daga ɗan shekara biyu har manya. A bi matan aure har gida da wannan rabo, ta hannun mata 'yan'uwansu.

Ga likitocinmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da malaman sashen koyon aikin likita na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: kafin a fara wa mutumin karkara siklofosfamid, a auna shi ko yana da tsargiya, in akwai a fara kashe ta. A ba kowane mai lufus ɗan littafi guda da za a riƙa rubuta ranar ƙarin magani da yawansa da jimillarsa, da lambobi manya da kowane likita zai gane, ko a Nijar yake ko a Najeriya. A tambaye ta yaushe za ta hau mota.

Ga mazaje: matarka ba ragwanci take yi ba, kuma ba sammu aka yi mata ba. Wasu magungunan lufus ba sa haɗuwa da ciki, don haka zancen tazarar haihuwa a wannan lokaci zancen ranta ne, ka zauna da likita ka ji da kunnenka. In ta shiga ganin majo, ka ba ta wuri ta yi magana.

Ga mu malamai: darasin tsabta da muke koyarwa ya kamata ya faɗi a fili cewa fitsarin lafiya ba ya da jini, ga namiji ko mace, yaro ko babba. A bar malamai mata su tambayi 'yan mata su kaɗai. Ranar 10 ga watan Mayu ita ce ranar lufus ta duniya, kuma tana zuwa ne gab da faɗuwar damina, kafin tabkuna su cika. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a haɗa zancen biyu a aji da gidajen rediyon karkara.

Ga ke mai lufus, 'yar'uwa: ki riƙe maganinki, musamman hidroksiklorokin, ɗan'uwan nibakin ɗin da muka sani, wanda shi ne ginshiƙin jinyar, kuma ki riƙa zuwa awon ido saboda shi. Ki kare jikinki daga rana. Ki nisanci ruwan tabki gwargwadon iko. Ki nemi a auna fitsarinki duk lokacin da kika je ganin likita, ko da kin daina karɓar siklofosfamid shekara goma da suka wuce. Ranar da kika ga jini, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke washegari, ki je asibiti ki faɗi magungunan da aka taɓa ba ki.

Likitocin Kanada da Danmak da Masar sun yi nasu, sun ƙirga sun rubuta. Abin da ya rage namu ne, kuma ba ya buƙatar jirgi ko miliyoyi: tsinken awo, ƙwayar firazikwantel, ɗan littafi, da bakin da zai iya cewa na ga jini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri.